Azumin da Muka Rataye Rauta a Kan Gora

Zafin bana ya shigo Nguru da wuri. Tun da hantsi kwanon rufin ɗakin malamai yake fara ƙarar nan tasa ta ƙas-ƙas, kamar ana taka busasshen ganye a kansa. Makon jiya shugaban makarantar da nake koyarwa ya sayo rauta, wato ɗan akwatin nan mai eriya biyu da ake saka wa layin waya ya raba intanet ga wayoyin da ke kusa. Ya miƙo mini ya ce, "Malam Sale, an ce kai ka san kanta." Ban san wanda ya gaya masa haka ba. Na saka layi, na jona wuta, kafin in jawo kujera in zauna fitilunta duk sun koma kore. Malamai suka yi ta yi mini sannu da aiki. Ni kuwa na tsaya ina kallon fitilun, raina ya ƙi daɗi, don akwai shekarar da na kusa cinye azumi guda ina neman irin wannan koren a gidanmu na Gashua.

Ba zan ce zafin waccan shekarar ya fi na bana ba, don ban auna ba, kuma mutum yakan ƙara wa abin da ya wuce gishiri. Amma a jikina haka nake ji. Ita ce shekarar da aka rufe iyakokin jihohi saboda annoba, azumi kuma ya faɗo a tsakiyar bazara. Baba ya rasu gab da kamawar watan, Inna tana takaba. Ni na gama digiri, na gama hidimar ƙasa, ina zaune a gida babu aiki. Ƙanwata Zara makarantarsu a rufe take. Babban wanmu, Yaya Bukar, yana kwance a wani asibiti a Kano ana yi masa wankin ƙoda, matarsa Ya Falmata tana jinyarsa. Suna isa Kano ba da jimawa ba aka rufe hanya.

Ranakun duk iri ɗaya ne. Bayan asuba in ɗauki jarkoki in bi layin famfon unguwa, don in rana ta ɗaga hannun famfon ba ya taɓuwa. Zara ta share tsakar gida ta yayyafa ruwa, ƙasa ta shanye shi kafin ta ajiye bokiti. Wutar lantarki mun daina zancenta. Ƙanƙara sai wane da wane. In an ji an kawo ta daga Nguru, kafin ka isa ta ƙare, ko ka dawo da ruwa a leda. Saboda haka Inna ta koma dabarar da ta taso da ita: ta naɗe gorunan ruwa da jiƙaƙƙen buhun algarara, ta rataye su a reshen dogon yaro inda iska ke bi, duk sanda buhun ya bushe ta sake jiƙa shi. Kafin magariba ruwan yakan yi sanyin da za a sha a gode wa Allah. Tsakanin azahar da la'asar ba mai magana a gidan. Kaji su buɗe baki su lafe a gindin randa. Miyau ya kafe, harshe ya yi kauri, in ka miƙe tsaye da sauri sai gari ya yi maka duhu. Yunwa ba ta cika damunmu ba sai wajen yamma, lokacin da ƙamshin kunun tsamiya ke tashi daga murhu. Ƙishi ne ke riƙe mutum tun safe.

Yaya Bukar ɗan fari ne, Inna kuwa mai tsohuwar tarbiyya ce. Kakarmu ce ta rene shi. Tun tasowata ban taɓa jin sunansa a bakin Inna ba, "yayanku" take cewa, ko "wancan". In ya shigo gaishe ta yakan durƙusa a bakin ƙofa, ita kuma ta amsa tana kallon tsintsiya, ko faifai, ko duk abin da ke kusa da hannunta. Ba ƙiyayya ba ce, kowa a gidan ya san haka. Kunyar ɗan fari ce, kuma har ya yi furfura a gemu ba ta sake ta ba.

Gidanmu yana can ƙarshen gari ta wajen fadama, inda sabis yake da rauni. Kiran murya yakan shiga in ka tsaya jikin katangar gabas ka ɗaga wayar. Intanet kuwa sai an taka zuwa bakin gada. Kullum Ya Falmata ta kira, maganar ɗaya ce: "Da sauƙi, Inna, wallahi da sauƙi." In an kara wa Yaya wayar ya ce, "Ina wuni, Inna," sai numfashi, sai a karɓe.

Wata rana Inna tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba ta ce, "Sale, wai da gaske ne ana ganin mutum a cikin wayar nan yana motsi?"

Na ce, "Ana gani, Inna. In dai akwai sabis mai ƙarfi."

Ta ce, "Uhm." Ta jefar da tsakuwa biyu, sannan ta ce, "Sauƙin nan da ake ta faɗa mini ya yi yawa."

Iyakar abin da ta faɗa ke nan, amma ni da Zara mun gane. So take ta ga fuskar ɗanta da idonta, bakinta kuma ba zai iya faɗa ba.

Na fara da abin da na ga ya fi sauƙi. Na je wurin limamin unguwa na tambaye shi ko mai takaba za ta iya fita zuwa gada da rana ta dawo. Ya ce in lalura ce babu laifi. Da na kawo wa Inna maganar ta dube ni kamar na zo da shirme.

"In je in tsaya bakin gada da kayan takaba ina leƙen waya, masunta suna kallona? In an tambaye ni me na fito nema in ce me?"

Sai na je gadar ni kaɗai, na roƙi Ya Falmata ta turo hoto. Ta turo. Ga Yaya nan da hula yana murmushi. Zara ta riƙe wayar a gefen Inna kamar ita take kallo. Inna ta saci kallo sau ɗaya ta wutsiyar ido ta ce, "Wannan hular ai tun bara ya ba wa direbansu ita." Da na koma gada na kira Ya Falmata, kuka ta fashe da shi. Ta ce ya hana a ɗauke shi hoto, ba ya son a ajiye shi a yadda yake. Amma ya ce in Inna ce da kanta a kan waya, zai yarda ta gan shi.

Daga nan na tuna da Goni, abokin karatuna a Nguru, wanda yake da shagon kwamfuta da annoba ta sa aka rufe. Cikin jiha ba a hana tafiya ba, na shiga bayan wata a-kori-kura mai warin busasshen kifi na je. Goni ya zaro rautar daga ƙarƙashin tebur, ya hure ta, ya haɗo mini da wayar wutarta.

"Ni ma ban san kanta sosai ba," in ji shi. "In ta yi ja, ka kashe ka kunna. In ta sake yin ja, ka yi addu'a."

Tarihi na karanta a jami'a, ba na'ura ba, don haka komai sai na yi shi da tsoro. Wuta muka fara nema. Akwai ɗan faifan sola da batir da Baba yake kunna fitila da rediyo da su, na jona ta a nan bayan na karanta rubutun da ke bayanta har na kusa haddace shi, don kar in ƙona kayan mutane. Fitilar wuta ta kama. Ta sabis ta yi ja. Na kashe na kunna, ja. Sai daga baya na lura na saka layin a kife.

Zara ta ce, "Mai digiri! Inna, ɗanki ya kifa layi."

"Ki bar shi ya yi aikinsa," in ji Inna daga ɗaki. Ashe tana ji.

Da na gyara layin sai wayata ta ga sunan rautar amma ta nemi lambar sirri. Wadda ke rubuce a ƙarƙashinta ba ta yi ba, Goni ya canza ta kuma ya manta abin da ya sa. Ya ce in nemi wani ɗan rami a bayanta in danna da allura, komai zai koma yadda ya fito daga kamfani. Na wuni ina jinkiri, ina tunanin in na danna ko wani abu zai goge wanda ba zan iya mayarwa ba. A ƙarshe Zara ce ta zare allura daga gefen ɗankwalinta ta danna. Fitilun suka mutu, suka dawo. Wayata ta shiga.

Na yi murna da wuri. Wayar ta kama rautar, amma rautar ba ta kama komai ba. Inna ta tambayi abin da ya rage, na ce mata kamar famfo ne da aka ja bututu har tsakar gida, amma ba a sako ruwa daga can ba.

Ta ce, "To ai mun saba da irin wannan famfon."

Kwanakin da suka biyo baya na yi su ina yawo da akwatin nan a cikin gida, Zara tana bina da batir a kan faranti. Kan taga, kan rumbu, bakin zaure, saman banɗaki. Na juya eriyoyin gabas, na juya su yamma, na miƙar da ɗaya na kwantar da ɗaya. Na canza layi da na wani kamfanin da maƙwabcinmu ya ara mini, ja dai. Na hau katanga da azumi a bakina, jiri ya kusa kayar da ni. A can ne, a kusurwar gabas, da na miƙa hannu sama iyakar tsawona, fitilar ta yi kore na ɗan lokaci. Sai muka samo doguwar gora irin ta tura kwalekwale, muka ɗaure ta a jikin katanga, muka sa rautar a ƙaramin kwando muka rataye a samanta, na ƙara wa wayar wutar tsawo da wata tsohuwar waya ta rediyon Baba. Mutanen unguwa suka riƙa tsayawa suna kallo. Wani dattijo ya tambaye ni ko maganin tsawa ne.

Matsalar ita ce lokaci. Saboda dokar annoba, bayan azahar kawai ake barin Ya Falmata ta shiga ɗakin da Yaya yake. Lokacin kuwa rana tana tsakiyar kai, kusurwar gabas babu ko inuwar tsinke. Rautar takan yi kore, in fara kira, wayar ta fara ƙara a Kano, sai akwatin ya ɗauki zafi ya mutu da kansa. In na sauko da shi ba ya riƙuwa a hannu. In ya huce na mayar, lokacin shiga ya wuce, an fitar da Ya Falmata. Haka muka yi ta yi. Kullum Inna takan fito da tabarmarta wai iska take sha, ta zauna nesa kaɗan, ta koma ɗaki.

Ranar da abin ya lalace, na gwada ta da safe ta yi zafi, na sauko da ita na ɗora a kan turmi a inuwa don ta huce kafin lokacin kira. Na ce wa Zara, "Zafi ne ke kashe ta. Da za ta sami sanyi da ta riƙe." Na tafi masallaci azahar. Zara kuma ta kwanta.

Da na dawo babu rauta a kan turmi. Na bi wayar wutar da ido har reshen dogon yaro. Ga ta can a rataye tsakanin gorunan ruwa, an naɗe ta tsaf da jiƙaƙƙen buhu, eriyoyin biyu sun leƙo waje, ruwa yana ɗiga daga ƙasanta. Wutar kuma a jone take. Na fizge wayar, na warware buhun. Fitila ko ɗaya babu. Da na karkata ta ruwa ya zubo ta ramukan iska.

Inna tana tsaye a bakin ƙofarta. Ta ce, "Na taɓa ta ne na ji ta kamar mai zazzaɓi."

Zara ta fara dariya, dariyar ta juye mata ta rufe fuska da mayafi. Matar da take nuna ba ruwanta da akwatin nan, ita ce ta ɗebi ruwan buɗa-bakinmu ta jiƙa masa buhu.

"Na ɓata ta ko?"

Na ce, "Ba lallai ba ne, Inna. Wataƙila in ta bushe za ta tashi."

Na kwance ta da bakin wuƙa, na goge cikinta da tsumma, muka binne ta a ƙwaryar gero don ya tsotse damshin. Na ji ana yin haka da waya, ban tabbata yana aiki ba. Muka shiga goman ƙarshe tana cikin gero. A kwanakin nan "da sauƙi" na Ya Falmata ya riƙa gajarta, wata rana ma ba ta faɗe shi ba, ta ce kawai a taya su da addu'a. An daina kara wa Yaya waya.

Da na tono ta na jona, fitilun suka kama. Sai dai wani abu ya raunana a cikinta: waya ba ta ganinta sai an zo dab da gindin gorar. Ma'ana dole Inna ta zo ta zauna a kusurwar gabas, cikin rana. Na ɗauko malafar Baba na ɗaure a saman kwandon don ta yi wa rautar inuwa. Na sanar da Ya Falmata ta shirya. Bayan azahar Inna ta fito da kanta ba wanda ya kira ta, ta shimfiɗa tabarma a kan ƙasar da ke ƙona tafin ƙafa, Zara ta riƙe mata faifai a ka.

Fitilar ta yi kore. Na kira. Allon ya yi baƙi, sai ga goshin Ya Falmata, sai silin da fanka, sai wayar ta juya.

Na gan shi. Fuskar ta cika har idanun sun zama 'yan tsaga, launinsa ya koma kamar toka. Da ban san shi ba ne da ban gane shi ba. Na miƙa wayar gaban Inna.

Ya ce, "Inna."

Tana jin muryarsa ta kawar da kai wajen katanga. Ban yi tsammanin ta yi niyya ba, wuyanta ne ya yi abin da ya saba. Ta ce wa katangar, "Sannu. Ya jikin?"

Zara ta ce, "Inna, ki duba mana! Inna, don Allah!"

Na ga ta fara juyowa a hankali. Kafin idonta ya iso kan wayar hoton ya farfashe ya zama dabbare-dabbare, wani ɗan zobe ya fito yana juyawa a tsakiya. Na ɗaga kai. Fitilar ta yi ja, sannan ta mutu. Warin ƙonanniyar roba ya sauko daga kwandon.

Inna ta daɗe tana kallon zoben nan yana juyawa. Sannan ta naɗe tabarmarta.

Rautar ba ta sake tashi ba. Har yau ban san abin da ya kashe ta ba, ko ruwan ne, ko rana, ko batirin Baba, ko haɗin wayar da na yi. Goni ya ce in manta da ita. Na yi ta neman wata a Gashua ban samu ba, na shirya komawa Nguru, sai hadarin farko ya taso da iska zalla babu ɗigon ruwa, ya karya gorar, sabis ɗin garin ma ya ɗauke gaba ɗaya na wasu kwanaki. Da ya dawo, kiran farko da ya shigo jikin katangar gabas na Ya Falmata ne. Yaya ya rasu ana saura kaɗan Sallah. A Kano aka binne shi, mutanen da ba mu sani ba ne suka yi masa sallah.

Yanzu an kafa ƙarfen sabis a bayan unguwarmu, kusa da fadamar. Daga kan gadon Inna ana kiran bidiyo ba ya ko yankewa. Zara, wadda ta yi aure a Machina, takan kira ta nuna mata 'ya'yanta. Inna takan duba, ta sa musu albarka, ta miƙa wa na kusa wayar da wuri.

Ruwan farko na waccan shekarar sai bayan Sallah ya sauka. Da la'asar ne. Ƙasa ta yi wannan ƙamshin, kwano yana ta ƙara, muna zaune a rumfa ni da Inna, Zara ta shiga kwashe shanya. Tun ranar kiran Inna ba ta taɓa tayar da maganar ba.

Ta ce, "Kai ka gan shi."

"Na gan shi, Inna."

"Ya rame?"

Na yi ta juya amsar a raina, ina neman wadda ba ƙarya ba ce kuma ba za ta yi mata nauyi ba. Na ce, "Bai rame ba."

Ta ce, "Kumbura ya yi ke nan."

Ruwa ya fara zubowa ta indararo.

"Shi fa? Ya gan ni?"

Na tuna yadda na riƙe wayar, da rana a kan allon, da faifan da Zara ta riƙe. Ban san inda idon wayar yake kallo ba a lokacin, ko fuskarta, ko gefen mayafinta, ko katanga.

Na ce, "Ban sani ba, Inna. Wataƙila."

Ta gyaɗa kai. Ta tashi ta ɗauki baho ta tara a ƙarƙashin indararo, ta tsaya a wurin ruwa yana dukan ta, har sai da Zara ta fito ta jawo ta ciki.